Hakaru Hashimoto: Likitan ƙauye da maƙoƙon da gishiri ba ya magani

A ranar 9 ga Janairun 1934 zazzaɓin taifod ya kashe wani likitan karkara a yankin Iga na ƙasar Japan, bayan ya ɗauko cutar a wajen duba marar lafiya. Shekararsa 52. Ya rasu kafin sunansa, Hakaru Hashimoto, ya zama sunan wata cuta da kowane ɗalibin likitanci ke haddacewa a yau.

An haife shi a ranar 5 ga Mayun 1881 a gidan da likitanci ya zama gado. A 1903 ya shiga sabuwar kwalejin likitanci ta Fukuoka, ya kammala a 1907, sannan ya kama aiki a sashen tiyata ƙarƙashin Farfesa Hayari Miyake. A nan ne aka yi wa wasu mata huɗu aikin maƙoƙo, aka ba shi naman da aka cire domin ya duba.

Maƙoƙo kumburi ne na wata halitta mai siffar malam-buɗe-littafi da ke gaban wuya, wadda likitoci ke kira tairod. Ita ce ke fitar da sinadarin da ke daidaita yadda jiki ke ƙona abinci da zafinsa da bugun zuciya. Mafi yawan maƙoƙon da aka sani ƙarancin sinadarin aidin ke kawo shi. Abin da Hashimoto ya gani a madubin likita daban ne: fararen ƙwayoyin jini, sojojin da aikinsu yaƙar baƙin cututtuka ne, sun yi sansani a cikin tairod, naman kuma yana lalacewa yana tauri. A 1912 ya wallafa bayanin cikin harshen Jamusanci, shafi 30, a wata mujallar likitocin tiyata ta Jamus.

Manyan fannin ba su ba shi muhimmanci ba. Sun ɗauka matakin farko ne na wata cutar da Bajamushe Bernhard Riedel ya riga ya bayyana. Hashimoto ya tafi Jami'ar Göttingen ƙaro ilimi, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, ya bi ta Ingila ya koma gida. A 1916 ya ajiye rayuwar jami'a, ya buɗe asibiti a mahaifarsa. Shekara 18 ya yi yana bin marasa lafiya har gida a keken da mutum ke ja, yana yafe wa talakawa kuɗin magani. Bai sake rubutu kan maƙoƙo ba.

Sai a 1931 Allen Graham, likitan tiyata a Amurka, ya nuna cewa cutar mai zaman kanta ce. Dalilinta kuwa sai a 1956 ya bayyana, lokacin da Deborah Doniach da Ivan Roitt suka gano a Landan cewa jinin masu cutar na ɗauke da makaman garkuwar jiki da aka ƙera domin yaƙar tairod ɗinsu. A wannan shekarar Noel Rose da Ernest Witebsky suka haddasa irin cutar a jikin zomaye a Amurka. Kafin nan, akasarin masana sun yi imani jiki ba ya yaƙar kansa.

Tambayar da ta rage ita ce abin da ke tunzura sojojin gida su juya wa gida baya. Akwai gado, cutar kuma ta fi kama mata nesa ba kusa ba, amma mutum na iya gadon ta ya mutu bai yi ta ba. Shi ya sa ido ya koma kan ƙwayoyin bairos. Bayani ɗaya shi ne wani ɓangare na bairos kan yi kama da naman tairod, garkuwar jiki ta kasa bambancewa. Kama da wane ba ta wane, amma ita ba ta tsayawa tantancewa. Wani bayanin shi ne bairos ya raunata tairod, abin da ke ɓoye a cikinta ya fito fili, garkuwar ta ɗauke shi baƙo.

Hujjojin ba ƙarfinsu ɗaya ba. An fi samun ciwon tairod a masu ciwon hanta nau'in C, musamman waɗanda aka yi wa allurar intaferon, da kuma yaran da suka kamu da rubela tun suna ciki. A 2020 likitoci a Italiya da Sifaniya suka ba da rahoton ciwon tairod bayan korona. Duk da haka babu bairos guda da aka kama dumu-dumu a matsayin sanadin cutar Hashimoto, kuma mai tallar magani da ya ce akwai, ya wuce inda ilimi ya tsaya.

Wannan tarihi ya shafi Haɗeja kai tsaye. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri, matakin da ya rage maƙoƙon ƙarancin aidin. Na Hashimoto gishiri ba ya taɓa shi, aidin mai yawa ma kan ƙara tsananta shi. Matar da ke Auyo ko Guri, wadda ke fama da kasala da jin sanyi da ƙiba da zubewar gashi da ɓari, na iya shafe shekaru ana ce mata shawara ce ko sammu. Gwajin jini ne ke tabbatar da cutar, maganinta kuma ƙwaya ɗaya ce a kullum da ke maye gurbin sinadarin da ya yi ƙaranci, matuƙar akwai ɗakin gwaji da likitan da zai yi zargin ta a kusa.

A harabar asibitin Jami'ar Kyushu, wadda kwalejin Fukuoka ta rikiɗe ta zama, akwai titi mai ɗauke da sunansa. Taifod ɗin da ya kashe shi kuwa, wanda gurɓataccen ruwa ke yaɗawa, har yanzu yana bin sawun ambaliya a garuruwan bakin Kogin Haɗeja.