Janar Howard, Sarkin Yaƙi Mai Hannu Ɗaya

Ya kai mai karatu, mu mutanen Zango da Daura mun ji daga bakin kakanninmu abin da yaƙi da bauta su ke. Ga labarin wani sarkin yaƙi na Amurka, Oliver Otis Howard, domin ka gwada halinka da nasa.

An haife shi a ƙasar Maine a 1830, ya gama makarantar soja ta West Point a 1854. A 1857, yana bakin aiki a Florida, ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu. Ba ya shan giya, ba ya ashar. Waɗansu abokan aikinsa suka yi masa ba'a, amma bai sāke hali ba.

Sa'anda yaƙin basasa ya tashi a 1861 bisa zancen bauta, ya bi rundunar Arewa. A 1862 harsashi ya same shi a Fair Oaks, aka yanke hannunsa na dama. Kafin wata uku ya koma fagen fama.

Kada ka yi tsammani ba shi da aibi. A Chancellorsville a 1863 aka gargaɗe shi ya tsare gefen rundunarsa, bai tsare sosai ba, Janar Jackson ya auka musu ya watsa su. A 1877 kuwa ya bi umurnin gwamnati, ya yaƙi kabilar Nez Perce, har aka raba su da ƙasar kakanninsu. Addu'a ba ta ɗauke wa mutum alhakin aikinsa.

Amma duba abin da ya yi da salama ta zo. A 1865 bayi wajen miliyan huɗu suka sami 'yanci, ba gona, ba karatu. Aka ɗora shi bisa ma'aikatar da ke lura da su, ya buɗe musu makarantu da asibitoci, ko da shi ke iyayengijinsu na dā sun ƙi shi. A 1867 ya sa hannu aka kafa jami'a a Washington wadda har yau ana kiranta da sunansa. Ya rasu a 1909.

Kai fa, da ka shiga wannan hanya, kana da hannu biyu. Wa ka ɗaga da su? Riƙe gaskiya ko ana yi maka dariya, ka yi aikinka da lura, kada kuwa ka raina talaka, gama Ubangiji ɗaya ya halicce ku.