Francis Galton, Baturen Da Ya Auna Tsawon Iyaye Da Na Ƴaƴansu

An haifi Francis Galton ran 16 ga Fabrairu 1822 kusa da birnin Birmingham na Ingila, cikin gidan masu hannu da shuni. Kakansu ɗaya da Charles Darwin. Ya soma karatun likita, ya koma lissafi a Cambridge, amma da mahaifinsa ya rasu a 1844 ya bar masa dukiya, sai ya watsar da likitanci ya shiga yawon duniya. Ya je Masar da Hartum, daga 1850 zuwa 1852 kuma ya ratsa ƙasar da ake kira Namibiya a yau.

Abin da ya sa muka ɗauko tarihinsa shi ne aikin da ya wallafa a 1886. Ya tattara tsawon iyaye 205, mata da miji, da na ƴaƴansu baligai 928. Sai ya ga dogayen iyaye suna haifar dogaye, amma galibi ƴaƴan ba su kai iyayen ba. Ƴaƴan gajeru kuwa sukan ɗara iyayensu. Wato tsawon yana komawa wajen tsaka-tsaki, kashi 2 cikin 3 na ratar iyayen kaɗai ke bayyana ga ƴaƴa. Daga nan aka samo lissafin kintace, wanda da shi ake hasashen wani awo daga wani.

A 1888 ya fito da na biyu, ma'aunin alaƙa, bayan ya gwada tsawon kamun hannu da tsawon jiki. Almajirinsa Karl Pearson ne ya daidaita lissafin yadda ake amfani da shi yanzu. To, nan ne mutane da yawa ke rikicewa. Ma'aunin alaƙa lamba ce ɗaya tak, tsakanin -1 da 1, tana nuna ƙarfin tafiyar abubuwa biyu tare. Lissafin kintace kuwa yana faɗin nawa wannan zai ƙaru idan wancan ya ƙaru, shi ya sa ma'aikacin jinya ke iya ƙiyasta tsawon majinyacin da ba ya iya tashi daga awon hannunsa. Ko ɗayansu ba ya tabbatar da cewa wannan ne ya haddasa wancan.

Wannan komawa tsaka-tsaki ta shafe mu kai tsaye. Mutum yakan je asibiti ne ranar da hawan jininsa ya yi tsanani, in an sake aunawa bayan mako sau da yawa ya ɗan sauka ko bai sha komai ba. Mai tallan magani sai ya ce aikinsa ne. Don haka masu bincike ke ware rukunin da ba a ba su maganin ba, a gwada.

Sai dai ba za mu ɓoye muku ɗaya fuskar ba. Galton ne ya raɗa wa aƙidar tace iri suna a 1883, wato a ƙarfafa wa wasu haihuwa a hana wasu. A 1873 ya rubuta wa jaridar Times wasiƙa yana son a kawo ƴan Sin su maye gurbin baƙaƙen fata a gabashin Afirka. A ganinmu wannan tsagwaron raini ne, ba ilimi ba.

Ya rasu ran 17 ga Janairu 1911, bai bar ɗa ba. A 2020 jami'ar UCL ta Landan ta cire sunansa daga zauren laccarta.