Sharif Al-Idrisi, Wanda Ya Zana Duniya A Kan Azurfa

An haifi Abu Abdullahi Muhammadu Al-Idrisi a birnin Sabta, a gaɓar tekun Magrib, wajen shekarar 1100 ta Miladiyya. Sharifi ne, daga zuriyar Sayyidina Hasan.

Da labarin iliminsa ya kai kunnen Sarki Rujar na Biyu, Kirista mai mulkin tsibirin Siƙiliyya, sai ya kira shi fadarsa. A zamanin nan labarun ƙasashe suna warwatse ne a littattafai da bakin fatake da matuƙan jiragen ruwa, wannan yana saɓa wa wancan. Shekara 15 aka yi ana tambaya ana tacewa. Abin da aka yi ittifaƙi a kansa aka riƙe, saura aka watsar. Sa'an nan aka ƙera wani ƙaton faifai na azurfa, aka sassaƙa iƙlimai bakwai a kansa, da tekuna da koguna da duwatsu da birane, domin ido ya tattara abin da ya gagari kunne.

Faifan ya salwanta, amma littafinsa Nuzhatul Mushtaƙ, mai taswira 70, wanda ya kammala a 1154, ya wanzu. Har tsohuwar daular Gana da Kanem ya ambata a ciki. Ya rasu wajen 1165. Allah Ya ji ƙansa, amin.