Basko da Gama: Mutumin da Ya Shiga Indiya ta Teku

A makon jiya mun yi gardama a kulob ɗinmu kan wanda ya fi muhimmanci a tarihi, Iskandari Mai Girma ko Basko da Gama. Yawancinmu mun fi sanin Iskandari, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo muku tarihin ɗayan.

An haifi Basko da Gama a garin Sines na ƙasar Fotugal. A zamaninsa Turawa na matuƙar son kayan yaji na Indiya, irin su kirfa da citta, amma sai ta hannun fataken Larabawa da na Banis suke samu, da tsada. A watan Yuli na 1497 ya tashi daga Lisbon da jiragen ruwa 4 da mutane kusan 170. Ya zagaya ƙarshen kudancin Afirka, ya bi ta Mozambik da Mombasa. A Malindi ya samu jagora wanda ya san teku da lokutan iska. Ashe dai ba shi kaɗai ya gano hanyar ba! A watan Mayu na 1498 suka sauka kusa da birnin Kalikut. Kafin su koma gida a 1499, fiye da rabin mutanensa sun mutu, da yawa saboda ciwon da rashin cin 'ya'yan itatuwa ke kawowa, mai kumbura dasashi.

Iskandari ma ya kai Indiya, amma ta ƙasa, a shekara ta 326 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bayan ya ci Masar da Farisa. Ya mutu a Babila yana ɗan shekara 32, janar-janar ɗinsa suka rarraba daular. Ita kuwa hanyar da Gama ta daɗe. Fotugal ta riƙe Gowa a Indiya har 1961, kuma jiragen Turai sun bi wannan hanya har aka buɗe mashigin Suwez a 1869. A nan muna ganin ya sha gaban Iskandari.

Sai dai akwai abin da ya sa jikinmu ya yi sanyi. A tafiyarsa ta biyu, a 1502, ya tare jirgin alhazai masu dawowa daga Makka, ya kwashe dukiyarsu, ya sa aka cinna wa jirgin wuta da ɗaruruwan mutane a ciki, har da mata da yara. Da muka karanta wannan, waɗanda suka goyi bayansa suka yi tsit. Ya mutu a Kochin a watan Disamba na 1524. Mun yarda ya canza duniya, amma mun ƙi liƙa hotonsa a sahun jarumai na wannan allo.