Taƙaitaccen Tarihin Sidi Ibrahim Riyahi na Tunis, Allah Ya Yarda da Shi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwa, almajirai sun sha tambayata hukuncin malami ya karɓi aikin rubutu a ƙofar hukuma. Ban ga amsar da ta fi tarihin wannan bawan Allah ba, don haka na kawo shi a nan.

An haifi Sidi Ibrahim ɗan Abdulƙadir Riyahi a garin Tastur cikin ƙasar Tunisiya, shekara ta 1180 bayan Hijira, daidai da 1766. Ya haddace Alƙur'ani a garinsu, sa'an nan ya shiga birnin Tunis yana saurayi, ya zauna a ɗakunan almajirai, yana ɗaukar karatu a masallacin Zaituna. Ya yi wajen shekara 20 a haka. Ilmi ya samu, har ya fara karantarwa, amma ba gida, ba mata, ba abin hannu. Wanda ya taɓa kwana a zauren malami da cikinsa wayam ya san abin da nake faɗi. Da talauci ya tsananta sai ya ƙudura niyyar barin ƙasar.

Labari ya kai kunnen waziri Yusufu Sahibuɗ Ɗabi'i, wato mai riƙe da hatimin sarki Hammuda Basha. Wazirin ya ga in wannan malami ya tafi, ƙasa ta yi hasara. Sai ya samo masa aikin adali, ya ba shi gida, ya yi masa aure. Adali shi ne mai rubuta takardun ciniki da aure da gado da waƙafi, ya sa hannu a matsayin shaida, alƙali ya yi hukunci da abin da ya rubuta. Ƙaramin aiki ne a idon mutane, amma haƙƙin maraya yana rataye a bakin alƙalaminsa. Shehu bai raina ba, ya karɓa, ya zauna.

A shekara ta 1218 (1803) yunwa ta auka wa Tunis. Sarki ya aike shi Maroko wurin Sarki Maulaya Sulaimanu neman hatsi, kuma buƙata ta biya. A wannan tafiya ya sadu da Shehu Ahmadu Tijjani a birnin Fas. Dama ya riga ya san Sidi Aliyu Harazimi lokacin da ya sauka Tunis. Ta hannunsa ɗariƙa ta kafu a wannan birni, ya kuma wallafa Mibradus Sawarimi don kare Shehu daga wani mai suka.

To, ga wurin da nake so ka tsaya. A 1221 (1806) Hammuda Basha ya nemi naɗa shi alƙali. Mutumin da ya karɓi aikin rubutu da godiya, da aka miƙo masa kujerar shari'a sai ya ƙi, ya fita birnin ya fake a Zagwan har aka ƙyale shi. Ni dai a fahimtata, na farko ya karɓa domin buƙata ta halal, kuma ya san zai iya tsare amanarsa. Na biyu kuwa ya ji tsoron ranar da sarki zai so wani abu, shari'a ta so wani. Allah ne masani.

Da wazirin ya gama ginin masallacinsa a unguwar Halfawin a 1814, Shehu ya karantar a can. Ba a jima ba, a farkon 1815, maƙiya suka kashe wazirin. Kusancin fada ke nan.

Daga baya muƙamai suka zo masa: shugaban masu fatawa na Malikiyya a 1248 (1832), babban limamin Zaituna a 1255 (1839). A 1838 Ahmadu Bay ya aike shi Istambul wurin Sarki Mahmudu na biyu, roƙon a ɗauke wa Tunis kuɗin da ake nema ta biya kowace shekara. A 1846 yana cikin malaman da suka goyi bayan 'yanta bayi a ƙasar.

Annobar kwalara ta ɗauki ɗansa Muhammadu Ɗayyibu a 1266 (1850), shi ma bai daɗe ba ya bi shi a wannan shekara. An binne shi a zawiyarsa cikin tsohon birnin Tunis. Allah Ya jiƙansa, Ya amfane mu da albarkarsa, amin.