Jackie Robinson: Ya Karya Lagon Wariyar Launin Fata, Ciwon Suga Ya Kai Shi Ƙasa

A wannan makon filin namu na tarihin fitattun mutane zai tsallaka teku zuwa Amurka, domin kawo muku tarihin wani baƙar fata ɗan wasa mai suna Jackie Robinson, wanda ya rasu tun shekarar 1972. Na san wani zai ce ina ruwan mai awon gero a Kusri, ko mai shagon atamfa a babbar kasuwar Injamena, da ɗan wasan besbol, wasan da mu a nan Gawi ko sandarsa ba mu taɓa riƙewa ba? To, ciwon da ya kai mutumin nan ƙasa yana zaune a rumfunanmu. A gidan rediyon da nake aiki, sau da yawa nakan karanta sanarwar rasuwar magidanci, a ce bayan gajeriyar rashin lafiya, amma in ka je gaisuwa sai ka ji ashe mamacin ya shekara goma yana fama da ciwon suga ko hawan jini, babu wanda ya sani sai mai ɗakinsa.

An haifi Jack Roosevelt Robinson a ranar 31 ga watan Janairu, 1919, a yankin wani gari mai suna Cairo da ke jihar Jojiya a kudancin Amurka. Shi ne auta cikin 'ya'ya biyar, kuma jikan bayi ne. Iyayensa noma suke yi a gonar wani Bature ana raba amfani. Yana jariri mahaifinsa ya tsere ya bar gida, sai mahaifiyarsa Mallie ta kwashi 'ya'yanta a 1920 ta nufi garin Pasadena na jihar Kalifoniya, inda ta riƙa aikatau a gidajen Turawa tana ciyar da su. Gidan na masu ƙafa ne, domin yayansa Mack shi ya zo na biyu a tseren mita 200 a wasannin Olamfik na Balin a 1936, bayan shahararren Jesse Owens. Shi kuwa Jackie da ya shiga jami'ar UCLA sai ya yi fice a wasanni huɗu lokaci guda, wato besbol, ƙwallon kwando, ƙwallon ƙafa irin ta Amurkawa da kuma guje-guje da tsalle-tsalle.

An ɗauke shi soja a 1942, ya kai muƙamin laftana. A watan Yulin 1944, a wani barikin soja da ke jihar Teksas, direban motar safa ya umarce shi ya koma kujerar baya inda aka saba tura baƙar fata, shi kuwa ya ƙi tashi. Maganar ta kai shi gaban kotun soja, wadda daga bisani ta wanke shi. Mai karatu ya riƙe wannan, domin ya nuna cewa mutumin ba mai haɗiye raini ba ne a ɗabi'arsa.

Ga wanda bai san besbol ba, ƙungiya biyu ce mai 'yan wasa tara-tara. Ɗaya ya jefo wata 'yar ƙwallo mai tauri, abokin hamayya ya doke ta da kulki, sa'an nan ya zuba da gudu yana zagaya zango huɗu da aka kafa a filin. Duk wanda ya kewayo ya dawo zangon gida ba a kama shi ba, ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. A wancan zamani wannan shi ne wasan da Amurkawa suka fi ƙauna, amma fiye da shekara 60 manyan ƙungiyoyi ba su sa baƙar fata ko ɗaya ba. Baƙaƙe suna da tasu gasar daban, kuma a can Robinson ya fara a 1945 da ƙungiyar Kansas City Monarchs, a kan albashin dala 400 a wata.

A ranar 28 ga watan Agustan wannan shekarar ne shugaban ƙungiyar Brooklyn Dodgers ta birnin Niyok, Branch Rickey, ya kira shi ofis. Sharaɗin da ya gindaya masa mai nauyi ne: za a zage shi, za a tofa masa yawu, za a neme shi da faɗa, amma kada ya rama, domin ranar da ya ɗaga hannu maƙiya za su ce ai dama mun faɗa, a sake rufe ƙofa. Robinson ya amince. Ya yi shekarar 1946 a ƙaramar ƙungiyarsu ta Montreal a Kanada, shekarar da ya auri Rachel, ma'aikaciyar jinya, sai kuma a ranar 15 ga watan Afrilu, 1947, ya fito filin Ebbets da ke Brooklyn sanye da riga mai lamba 42, a gaban 'yan kallo sama da dubu 26.

Abin da ya gani a wannan shekara sai dai a ce Allah Ya kiyaye. Tun kafin a fara gasa wasu abokan wasansa suka shirya takardar koke cewa ba za su taka fili da shi ba. Mai horar da ƙungiyar Philadelphia, Ben Chapman, ya zauna da yaransa a gefen fili suna yi masa ruwan ashar. An aiko masa da wasiƙun barazanar kisa, an hana shi kwana a wasu otal-otal da sauran abokansa suka sauka, wani ma ya taka masa ƙafa da takalmi mai ƙusoshi. Duk ya cije. A ƙarshen shekara shi aka zaɓa gwarzon sababbin 'yan wasa, a 1949 kuma, lokacin da aka sakar masa mara ya fara mai da martani, ya zama gwarzon gasar baki ɗaya. Gwanintarsa ita ce satar zango, wato ya faki idon mai jifa ya sheƙa kafin a ankara, kuma sau 19 yana satar zangon gida, wanda ya fi kowanne wuya. A 1955 Dodgers ta ɗauki kofin da ta daɗe tana nema, wanda shi ne guda ɗaya tak da ta ci a zamanta na Brooklyn.

Ya ajiye wasa a watan Janairun 1957 yana da shekara 37, bayan an yi yunƙurin sayar da shi ga abokan gabarsu, ƙungiyar Giants. Kusan a daidai wannan lokaci ne likita ya tabbatar masa yana da ciwon suga, ciwon da ya taɓa 'yan'uwansa ma. Abin lura, Robinson ba ya shan giya, ba ya shan taba, kuma ya yi rayuwarsa yana gudu a fili. Masu ganin cewa ciwon nan na malalata ne ko na masu tumbi kaɗai, ga misali a gabansu. Gado ma yana da hannu a ciki.

Yadda masana suka yi bayani, jiki yana samar da wani sinadari mai suna insulin, wanda ke shigar da sugan abinci inda za a yi amfani da shi. Idan sinadarin ya yi ƙaranci ko ya daina aiki yadda ya kamata, sai suga ya taru a jini. Alamomin farko su ne yawan ƙishirwa, yawan fitsari musamman da dare, rama ba dalili, kasala, da miki mai ƙin warkewa. Sai dai babbar ɓarnar a hankali take faruwa, kamar gara a cikin azara. Sugan yana lalata hanyoyin jini, ƙanana da manya. In ya taɓa na ido gani ya ragu, in na ƙoda ne ta gaza, in na ƙafa ne ta mutu har a kai ga yankewa, in na zuciya ne ta buga. Idan kuwa hanyar jinin ƙwaƙwalwa ce ta toshe ko ta fashe, shi ne shanyewar ɓarin jiki, wadda a wajenmu akan ɗora wa iska ko jifa, a yi ta hayaƙi a ɗaki har lokacin da ya kamata a ce an isa asibiti ya wuce.

Robinson ya riƙa yi wa kansa allurar insulin, maganin da aka gano a Toronto ta Kanada a 1921. To amma a zamaninsa da fitsari majinyaci ke auna suga a gida, awon da ba ya nuna ainihin abin da ke cikin jini a wannan sa'ar. 'Yar na'urar nan da ake tsaga yatsa a ɗiga jini ta ba da lamba cikin minti guda, sai wajen shekarun 1980 ta yaɗu a gidaje. Ke nan abin da ƙaramin ɗan kasuwa zai iya yi yau da safe kafin ya buɗe shago, ko kafin ya kai ga kofin shayinsa na uku, wannan shahararren mutum da duk kuɗinsa bai same shi ba.

Bai cika maganar ciwon a bainar jama'a ba, kuma bai rage gudu ba. Ni a ganina haƙurin da ya yi masa rana a fili shi ya kawo kan jikinsa, yana cijewa yana tafiya. Daga 1957 zuwa 1964 ya riƙe muƙamin mataimakin shugaba a kamfanin kofi na Chock full o'Nuts, baƙar fata na farko da ya kai irin wannan matsayi a babban kamfani a Amurka. Ya zagaya ƙasa yana tara wa masu fafutukar 'yancin baƙaƙe kuɗi, ya halarci gangamin Washinton na 1963. A 1964 ya shiga cikin waɗanda suka kafa bankin Freedom National a unguwar Harlem, saboda ƙananan 'yan kasuwa baƙar fata da bankunan Turawa ke hana wa rance. Duk wanda ya taɓa neman jari aka juya masa baya ya san darajar wannan.

Su kuwa mutanen Brooklyn, ƙungiyarsu ta yi ƙaura zuwa Los Angeles a 1958, aka rushe filin Ebbets a 1960 aka gina gidajen haya a wurin. Tsofaffinsu suka koma zaman tuna baya, kamar yadda namu dattawan ke zama suna labarin damben Shago da Ɗandunawa. Robinson bai shiga wannan sahu sosai ba. Yakan ƙi amsa gayyatar wasannin tsofaffin 'yan wasa, yana mai nuni da cewa har lokacin babu babbar ƙungiya ko ɗaya da ta ba baƙar fata ragamar horarwa.

Daga 1968 abubuwa suka fara zuwa masa a jere. A shekarar mahaifiyarsa ta rasu, shi kuma ya samu bugun zuciya. Babban ɗansa, Jackie ƙarami, ya dawo daga yaƙin Biyetnam da rauni da kuma jarabar ƙwaya, ya sha fama har ya rabu da ita ya koma taimakon masu irin matsalar, sai ga shi ya rasu a haɗarin mota a ranar 17 ga watan Yuni, 1971, yana da shekara 24. Zuwa wannan lokaci kan Robinson ya yi fari fat, ƙafafunsa na ciwo yana jan su da ƙyar, ido ɗaya ya tafi, ɗayan kuma dishi-dishi. A watan Afrilun 1972 ya je jana'izar abokin wasansa Gil Hodges, wanda bugun zuciya ya kashe yana da shekara 47. A ranar 4 ga watan Yuni Dodgers ta karrama shi ta jingine lambarsa, kuma an ruwaito cewa a wurin wani ɗan kallo ya jefo masa ƙwallo don ya sa masa hannu, ƙwallon ta same shi a ka, domin mutumin da a da yake hango ta tun daga hannun mai jifa bai ga zuwanta ba.

Fitowarsa ta ƙarshe ita ce ranar 15 ga watan Oktoba, 1972, a birnin Cincinnati, lokacin wasan ƙarshe na gasa, inda ya yi godiya a takaice sa'an nan ya sake nanata burinsa na ganin baƙar fata a kujerar mai horarwa. Kwana tara bayan haka, ranar 24 ga wata, zuciyarsa ta buga a gidansa da ke Stamford, ya rasu yana da shekara 53 a duniya. Jesse Jackson ne ya yi jawabi a wurin jana'izarsa, aka binne shi a Brooklyn kusa da kabarin ɗansa.

Burin nasa ya cika a 1975, lokacin da Frank Robinson, wanda suna kawai ya haɗa su, ya fara horar da ƙungiyar Cleveland. A 1997 aka jingine lamba 42 a dukkan manyan ƙungiyoyi, kuma tun daga 2009 kowane ɗan wasa kan sa ta a ranar 15 ga watan Afrilu. Marigayin ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyu, mace da namiji. Autan ya dawo Afirka a cikin shekarun 1980, ya zauna a Tanzaniya ya kama noman kofi.