Harriette Chick: Daga Tankin Ruwa Zuwa Ƙashin Jariri

Na fara sanin sunan Chick ne a ajin tace ruwan sha, lokacin da nake karatun digiri na biyu a Ingila. Akwai wata ƙa'idar lissafi da ake kira Dokar Chick, wadda duk injiniyan ruwa yake haddacewa. Na haddace ta, na ci jarrabawa, ban taɓa kawo wa raina cewa mai sunan mace ce ba. Sai bayan shekaru, da likita ya ce bitamin D ya yi ƙaranci a jikin ɗana, na shiga karance-karance, na sake cin karo da ita a inda ban zata ba.

An haifi Harriette Chick a Landan ranar 6 ga Janairun 1875. Mahaifinta ɗan kasuwar leshi ne. Ta karanci ilimin tsirrai a Kwalejin Jami'a ta Landan, ta sami digirin dakta a 1904. A 1905 ta zama mace ta farko da Cibiyar Lister ta ɗauka aikin bincike, duk da cewa wasu ma'aikatan sun nuna ƙin amincewa don kawai ita mace ce. Shekara 40 ta yi a can.

A 1908 ta nuna cewa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya hallaka su a tashi ɗaya. A kowane minti wani kaso ne na waɗanda suka rage yake mutuwa, kuma kason ba ya sauyawa muddin ƙarfin maganin da zafin ruwan suna nan yadda suke. Daga nan ne muke lissafa tsawon lokacin da ruwa zai zauna da kulorin a tanki kafin a sake shi cikin famfo. Har yau da wannan nake cin abinci.

Amma babban aikinta a Biyana ta yi shi, babban birnin Ostiriya. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya yunwa ta yi wa birnin kaca-kaca, ciwon laushin ƙashi na yara, wanda likitoci ke kira riket, ya cika asibitoci: ƙafa ta lanƙwashe, wuyan hannu ya kumbura, yaro ya kasa miƙewa. A 1919 Chick ta jagoranci tawagar masu bincike zuwa can, cikinsu har da Elsie Dalyell da Margaret Hume. Shugaban asibitin yara na jami'ar, Farfesa Clemens von Pirquet, yana ganin ciwon yaɗuwa yake yi kamar tarin fuka. Duk da haka ya ba su ɗakunan jarirai su gwada.

Sun raba jariran rukuni-rukuni, suna auna abincin kowa, suna ɗaukar hoton ƙashi a kai a kai. Da bazara babu wanda ya kamu. Da hunturu ya shigo, ciwon ya bayyana a jikin waɗanda ba a ba su man hantar kifin kod ba, waɗanda aka ba kuwa suka tsira. Sannan suka ga masu ciwon suna warkewa ta hanya uku: man kifin, ko hasken wata fitila ta musamman, ko a fitar da su waje rana ta taɓa fatarsu. Pirquet ya sauka daga ra'ayinsa, kuma ina ganin girmansa a kan haka. An buga rahoton a 1923.

Gaskiya ita ce ba ita ta fara hasashen ba. Edward Mellanby ya gwada man kifin a kan 'yan kwikwiyo, Kurt Huldschinsky kuma ya warkar da yara da fitila a Balin. Abin da ta ƙara shi ne hujja daga jikin jarirai, wadda aka tattara da haƙuri tsawon shekara uku har gardama ta ƙare.

'Yan'uwa mazauna ƙasashen sanyi, wannan magana tamu ce. Daga Oktoba zuwa Maris ranar Ingila ba ta da ƙarfin da fata za ta haɗa bitamin D, gilashin taga kuma yana tare hasken da ake buƙata. Baƙar fata tana buƙatar rana fiye da fara. Shi ya sa hukumar lafiyar Birtaniya take shawartar masu duhun fata da masu rufe yawancin jiki su riƙa shan maikirogiram 10 kullum, duk shekara. Sai dai kada mu ɗauki wannan mu kai gida yadda yake: binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa a can ƙarancin kalsiyam a abinci ne ya fi jawo ciwon, tunda rana ba ta yanke mana ba.

Chick ta ci gaba da bincike a kan rukunin bitamin B da furotin ɗin dankalin Turawa. An ba ta lambar girma ta Dame a 1949, ta shugabanci Ƙungiyar Masana Abinci ta Birtaniya daga 1956 zuwa 1959. Ta rasu a Kambirij ranar 9 ga Yulin 1977, tana da shekara 102.